Launi Biyar Da Unguwar New Bell

Akwai wani irin hoto da ba ya ɓuya a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Ana sayar da shi a Kasuwar Furanni ta Bonapriso, inda masu sana'ar hannu suke baje kayansu. Ana kuma ganinsa rataye a falon gidaje, da shagon aski, da gidan abinci. Sama ja ce ko ruwan lemo, rana tana gab da faɗuwa. A ƙarƙashinta ruwa ne shimfiɗe, da kwalekwale ɗaya, masunci yana tsaye a ciki. A gefe ga bukka biyu ko uku, ga itacen kwakwa ya sunkuya. Duk abin da yake gaba baƙi ne wuluk kamar inuwa. In an ƙirga launukan da mai zanen ya yi aiki da su, da wuya su wuce biyar.

Waɗanda suka yi karatun zane su kan raina wannan hoto, su ce kayan baƙi ne masu yawon buɗe ido. Masu saye kuwa suna sonsa, gama yana da araha, yana kuma sanyaya ɗaki. Kowanne ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dukansu biyu sun haɗa abu biyu wuri ɗaya waɗanda ya kamata a raba. Na farko shi ne dabarar zanen, wato a taƙaita fili ya zama manyan siffofi kaɗan, a shafe kowace siffa da launi guda. Na biyu shi ne abin da aka zaɓa a zana da wannan dabara. Dabarar ba ta da laifi. Zaɓin ne yake bukatar a dube shi da kyau.

Yadda dabarar take

Mai zanen da ya tsaya gaban fili ba zai iya ɗaukar duk abin da idonsa ya gani ba. Itace ɗaya ma yana da ganye dubbai. Saboda haka ya kan ƙanƙance idanunsa har ƙananan abubuwa su ɓace, manya su rage. Sa'an nan sai ya ga kurmi ya zama dunƙule ɗaya mai duhu, kogi ya zama ƙyalle mai haske, sama ta zama shimfiɗa guda. Waɗannan manyan siffofi su ne ƙashin bayan hoton. Da su ake farawa, babbar cikinsu ita ce ta farko.

Abu uku ne suke sa irin wannan hoto ya tsaya da ƙafarsa. Na ɗaya, kada siffofin su zama girma ɗaya. Idan sama da ƙasa suka raba allo daidai wa daida, ido ba ya sanin inda zai sauka. Dole ɗaya ta rinjayi ɗaya. Na biyu, kowane launi yana da nauyinsa na haske ko duhu. Kore da ja suna iya bambanta ƙwarai a suna, amma in nauyinsu ɗaya ne, daga nesa sai su narke cikin juna. Gwanin mai zane ya kan fara tsara inda duhu zai zauna da inda haske zai zauna kafin ya buɗe gwangwanin fenti. Na uku, nisa ya kan wanke launi. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, gangarensa kore ne, ƙasarsa baƙa ce domin dutse ne mai aman wuta. Amma ranar da sama ta washe aka hango shi daga Duwala, shuɗi-shuɗi ne mai kama da hayaƙi, saboda yawan iska da laimar da suke tsakaninsa da mai kallo. Wanda ya shafa masa kore mai ƙarfi ya jawo shi bakin titi ke nan, nisan ya mutu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga idon Bahaushe. Mai saƙar faifai ba ta da launi ɗari, 'yan kaɗan ne take jerawa gefe da gefe. Baduku ya kan yanka fata ja da kore ya ɗinka a kan wata, kowace da iyakarta a fili. Maginin da ya yi wa bangon zaure ado a Zariya ko Damagaram haka yake yi. Dukansu sun san cewa launi ya kan yi magana ne ta wurin maƙwabcinsa. Ja kusa da baƙi daban yake da ja kusa da fari.

Turawa ma sun daɗe kafin su yarda da haka cikin zanensu. A shekara ta 1888, a wani gari mai suna Pont-Aven a Faransa, wani saurayi Paul Sérusier ya zana bakin kogi a kan ɗan ƙaramin katako, bisa ga shawarar Paul Gauguin. Bai zana ganye ko ɗaya ba. Ya sa rawaya inda itatuwa suke, da shuɗi, da ja, ya maimaita su a cikin ruwa. Abokansa suka ɗauki ɗan katakon nan kamar laya, har sunan da suka ba shi ke nan. Amma a lura, a bakin kogin ya tsaya ya yi zanen. Haka ma Paul Cézanne, wanda ya yi ta zana dutse ɗaya, Sainte-Victoire, sau da yawa har ya rasu a 1906. Kowane zane sai ya koma ya sāke duban dutsen.

Inda hoton kasuwa ya samo asali

Hanyoyi biyu ne suka haɗu suka haifi hoton da ake sayarwa a Duwala. Ɗaya ta fito daga Kongo. A 1951 wani Bafaranshe, Pierre Lods, ya buɗe wurin koyon zane a unguwar Poto-Poto ta Brazzaville. Daga can wani salo ya fito na siraran mutane masu dogayen ƙafafu, suna rawa, ko farauta, ko tuƙa kwalekwale, a kan fili mai launi kaɗan. Salon ya karɓu wurin masu saye, aka yi ta kwaikwayonsa a kasuwannin biranen Afirka.

Ɗaya hanyar kuwa ta masu rubuta allon shago ce. Mai wannan sana'a da fentin gida yake aiki, a kan katako ko bango, gwangwani huɗu ko biyar ke nan jarinsa. Tilas ne aikinsa ya karantu ga wanda yake wucewa cikin tasi. Talauci da hanzari suka koya masa taƙaitawa. Ba makarantar rainawa ba ce. Koko Komégné, wanda aka haifa a Batoufam a 1950, wanda kuma ake ƙidaya shi cikin iyayen zanen zamani a Kamaru, da zanen alluna da ƙawata bangon wuraren shaƙatawa a Duwala ya ci abinci.

Don haka ya dace a yaba wa masu hoton kasuwa a kan abin da suka iya. Baƙi a kan ja tsari ne mai ƙarfi, ana gane shi tun daga ƙofa. Hannunsu yana da sauri, bakin siffofinsu yana da tsabta. Sun kuma sa talaka ya mallaki aikin hannun ɗan Adam a bangonsa. Akwai wani amfani kuma da ba a cika ambata ba. A unguwa irin New Bell, inda masallaci da majami'a suke kusa da juna, gidajen Musulmi da yawa ba sa son rataye hoton fuskar mutum, waɗansu ikilisiyoyi ma suna ɗari-ɗari da hotuna. Hoton fili da ruwa da dutse kuwa yana shiga kowane gida ba tare da gardama ba.

Inda aibin yake

Aibin shi ne, mai hoton bai dubi kome ba sai wani hoton. Bukkar da ya zana ba ta kowace kabila ba ce. Kogin ba Wuri ba ne, ba Binuwai ba ne. Ruwan sama a Duwala ya kan wuce milimita 3,500 a shekara, watannin Yuli da Agusta sama ta kan wuni a rufe, amma da wuya a ga hadari a waɗannan hotuna. Kullum magariba ce, kullum lafiya lau. Sérusier ya rage abin da ya gani ne. Mai hoton kasuwa bai rage kome ba, gama babu abin da ya ɗauko tun farko. Gani ya kori ji, shi kuwa a kan ji ya tsaya.

Wani zai ce ai hoto ne kawai, me ya yi zafi? Amsar tana cikin tarihin unguwar kanta. Taƙaitawa zaɓi ne na abin da za a bari da abin da za a share, kuma New Bell ta san haka tun ranar haihuwarta. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta shirya ƙwace filayen mutanen Duwala da suke bakin kogin Wuri. Tsarinsu mai sauƙi ne, kashi uku: bakin ruwa na Turawa, sai fili mai faɗin kilomita ɗaya da za a bari babu kowa, sai bayansa inda za a kwashe 'yan ƙasa a zuba. Sabon mazaunin mutanen Bell shi aka kira Neu-Bell. A kan takarda tsari ne mai tsabta, manyan siffofi uku. Abin da aka share shi ne gidaje, da kaburburan kakanni, da mashigin masunta zuwa ruwa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, yana kafa hujja da yarjejeniyar 1884. Jamusawa suka rataye shi tare da Ngoso Din ran 8 ga Agusta, 1914.

Mutanen Bell da yawa ba su zauna a wurin ba. New Bell ta zama masaukin baƙi: Bamileke, da Basa, da Ewondo, da Hausawa fatake, da mutanen Najeriya da waɗansu ƙasashen yamma. A kudancin Kamaru sunan Hausa ya kan haɗa har da sauran Musulmin arewa, kuma unguwarsu a New Bell tsohuwa ce. Mahauta, da masu tsire, da teloli, da masu ɗinkin hula sun haifi 'ya'ya a can, 'ya'yan sun haifi jikoki. A wannan unguwa ce tarzomar Mayu 1955 ta yi zafi a zamanin mulkin Faransa. A nan kuma babban kurkukun birnin yake, har sunan New Bell a bakin mutane da yawa ya zama sunan gidan yari.

Unguwar da ta haura shekara ɗari, wadda waɗansu ba su san ta da kome ba sai kurkuku da ambaliya, tana bukatar masu dubanta da idon basira. Yaron da aka haifa a Makea ko Ngangue, in ya tashi yana ganin bukka da kwalekwale a bangon ɗakin uwarsa, darasin da yake ɗauka shi ne kyau yana wani wuri dabam, inda yake zaune kuwa wurin jira ne kawai. Wanda ya ɗauki unguwarsa wurin jira ba ya gyara kwata, ba ya dasa itace.

Waɗanda suka duba

Kamaru ba ta rasa misalin hanyar da ta fi wannan ba. Fada Engelbert Mveng, wanda aka haifa a 1930 aka kuma kashe shi a gidansa kusa da Yawunde a Afrilu 1995, masanin tarihi ne kuma mai zane. Shi ya tsara zanen shahidan Uganda da yake bayan bagade a ɗakin sujada na Kwalejin Libermann a Duwala. Launukansa kaɗan ne, kowanne a shafe sumul, kowanne da ma'anarsa: ja rai ne, baƙi wahala, fari mutuwa. A zanen da ya tsara wa Kwalejin Hekima a Nairobi, ya sa Almasihu a bisa, a ƙarƙashinsa kuwa ga birnin Nairobi da dogayen gine-ginensa, an taƙaita su sun zama siffofi masu sauƙi, amma ɗan garin zai gane garinsa. Aikin Mveng yana da tasa iyakar. Da yake ya ɗaure kowane launi da ma'ana guda, babu damina ko rani a zanensa, babu safe ko yamma. Duk da haka ya nuna cewa birnin Afirka na siminti da kwano ya isa a zana shi a wuri mafi daraja.

Misali na biyu shi ne hotunan da ake kira Yesu Mafa, waɗanda masu bi da yawa suka sani daga littattafan Lahadi. Daga 1973 jama'ar Mafa na arewacin Kamaru suka riƙa kwaikwayon labaran Bishara, ana ɗaukar hotonsu, wata Bafaranshiya mai zane ta mai da su zane fiye da 60. Salonsu ba na taƙaitawa ba ne, akwai ƙananan abubuwa da yawa a ciki. Abin koyi a wurinsu shi ne ƙasar da ke bayan mutanen. Duwatsun Mandara ne, da bukkoki masu tsinin kai irin na wurin, da gonar dawa. Bukka ce a nan, bukka ce a hoton kasuwa, amma wannan tana da gari. Sai dai hotunan sun tsaya a ƙauye, babu alamar birnin zamani a cikinsu, alhali jikokin waɗanda suka yi kwaikwayon da yawa a birane suke neman abinci.

A New Bell kanta an yi motsi. Cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Manga Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, ta sa masu fasaha sun fita daga ɗaki zuwa titi. A 1998 matasa biyar, Blaise Bang, da Salifou Lindou, da Jules Wokam, da Hervé Yamguen, da Hervé Youmbi, suka kafa ƙungiyar Kapsiki. Daga Disamba 2002 zuwa Janairu 2003 suka gayyaci masu fasaha daga ƙasashe dabam dabam su zauna cikin gidajen New Bell su yi aiki a can. A bikin fasahar birni na 2010, Yamguen, wanda ɗan unguwar ne, ya ɗauko kalmomi daga waƙoƙin samarin wurin ya rubuta su da fitila a jikin gine-gine. Pascale Marthine Tayou ya ɗora tukwane masu fenti, irin na jeren amarya, ɗaya bisa ɗaya har mita 12 a shataletalen Shell New Bell. Kamiel Verschuren, mutumin Holan, ya rufe kwatoci da katako domin masu tafiya a ƙasa. Tracey Rose ta Afirka ta Kudu ta yi zane a bangon makarantar Baptis ta CBC Babylon.

Waɗannan ayyuka sun ɗauki unguwar da muhimmanci, kayansu ma daga cikinta suka fito: tukunya, da kwata, da maganar samari. Amma kusan dukansu ba zanen fili ba ne, kuma a titi aka yi su. Ba su shiga falo ba. Tsakanin aikin manyan masu fasaha da hoton da talaka yake saye akwai gurbi, kuma masu fentin gwangwani biyar ne suka fi kowa dacewa su cika shi.

New Bell cikin launi biyar

Abin mamaki shi ne, da wuya a sami wurin da ya dace da wannan dabara kamar New Bell. Wanda ya hau bene ya ƙanƙance ido zai tarar an riga an yi masa rabin aikin. Sama toka-toka ce, ita ce babbar siffa, ta cinye fiye da rabin allo. A ƙarƙashinta rufin kwano ne ya haɗe ya zama shimfiɗa ɗaya ruwan tsatsa. Nan da can mangwaro ko ayaba ya huda rufin da kore mai duhu. Kwata ta ratsa tsakiya kamar baƙin zare. Saura launi ɗaya mai ƙarfi, a sa shi kaɗan kamar gishiri: rawayar tasi, ko shagon da aka shafa wa fentin MTN, ko doguwar laimar ɗan acaɓa. In ranar Juma'a ce, farin riguna a bakin masallaci ya isa ya zama hasken hoton duka. Hasumiya da gicciye su ne tsayayyun layukan da za su karya kwancin rufin.

Wannan hoto ya fi na magariba wuya. Baƙi a kan ja kowa zai iya. Toka da tsatsa kuwa nauyinsu ya yi kusa da juna, sai mai zane ya auna da kyau kafin su rabu. Zai lalata alluna da dama kafin ɗaya ya yi. Kuma ba zai iya yinsa daga ka ba, dole ya je ya tsaya, ruwa ya ba shi kashi.

Za a ce wa zai sayi hoton kwata da kwano mai tsatsa? Tambaya ce mai nauyi, gama mai zane yana da iyali, kuma abin da ake saye shi zai yi. Amma taƙaitawa ita ce take amsa ta. Ba a ce ya zana kowace leda da ke cikin kwata ba. Ba a kuma ce ya share kwatar ya dasa furanni ba. Aikinsa shi ne ya samo tsarin da yake ɓoye cikin hargitsin, ya nuna shi har ɗan unguwa ya tsaya ya ce, "Ashe haka gidanmu yake." Mutumin da ya bar New Bell ya tafi Librabil ko Faris zai fi ɗokin wannan a kan bukkar da bai taɓa kwana a cikinta ba.

Nauyin bai tsaya a kan mai zane kaɗai ba. Duk shekara ikilisiyoyi, da makarantu, da ƙungiyoyin 'yan gari suna buga kalanda, suna sa a yi wa bangon aji fenti, suna sayen kyauta domin baƙo ko malamin da zai yi ritaya. Kuɗin da ake kashewa a nan ya isa ya juya hannun masu zane. Dattijon da aka ba wa wannan hidima yana iya kiran mai allon shagon da ke layinsu, ya hau da shi bene, ya nuna masa rufin unguwa, ya ce masa, "Malam, wannan za ka zana mana, launi biyar sun ishe ka." Malamin makaranta kuma yana iya fitar da yara bakin ƙofa da takarda, ya hana su zana ganye ko taga, ya ce su nemo manyan siffofi huɗu kawai. Yaron da ya koyi wannan ya koyi duban wuri kafin ya yanke masa hukunci, kuma zai yi amfani da shi ko bai zama mai zane ba.